Mai Ba da Hannu na Biyu

"Kada ka motsa kai. Ka buɗe ido, ka kalli ɗigon nan, kada ka yi tunanin komai."

Muryar ma'aikaciyar ta shigo masa ta abin da suka toshe masa kunnuwa da shi, sai injin ya ci gaba da bugu, gwaf-gwaf-gwaf, kamar ana fasa kankare a ɗakin maƙwabci. Na-Sama yana kwance miƙe a cikin ramin injin hoto, an tallafe kansa da soso dama da hagu, ga ɗan madubi a saman idonsa yana nuna masa farin ɗigo a baƙin allo. Wai kada ya yi tunanin komai. Faɗa da baki ai ba wuya! Da yana iya hana kansa tunani, me zai kawo shi asibiti ya kwanta a rami da rigar da ko maɓalli babu?

Tunanin kuwa ɗaya ne, kujerarsa. Na-Sama direban kiren ne, injin nan mai dogon wuya da ake kafawa a wurin ginin bene, yana ɗaukar rodi da bulo da bokitin kankare yana kaiwa sama. Tun kafin ya yi aure yake zaune a ɗan akurkin gilashin da ke can ƙololuwa, shi ya sa leburori suka laƙaba masa Na-Sama, sunan ya bi shi har gida. Jiya Injiniya ya kira shi ya ce haƙurin kamfani ya kai maƙura. Yau da rana za a zuba kankaren hawa na ƙarshe. In ya hau ya yi aikin, kujera tasa ce. In bai hau ba, za a bar wa direban da aka aro daga wani wurin gini ita baki ɗaya. Injiniya bai faɗa da mugunta ba, har lafiyar yara sai da ya tambaya.

Abin haushin, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin sama da ƙasa ko santsi bai taɓa kwasarsa ba, a ƙasa tsautsayin ya same shi. Ya sauko shan ruwa, wani guntun bututun ƙarfe ya suɓuce daga sama ya dira a kan hular kwanonsa. Ko ɗigon jini bai fita ba. Ya ɗan ga duhu, ya zauna a kan yashi, ya tashi yana dariya, ma'aikata suna tsokanarsa wai a je a duba bututun, shi ne abin tausayi. A asibitin kamfani aka ɗauki hoton kai, ya fito fes, ba tsagewa ba zubar jini. Aka ce ya je ya huta kwana biyu.

Kwana biyun nan ne suka zama watanni. Ciwon kai ya zo ya tafi, jiri ya zo ya tafi, abu ɗaya ya zo ya shimfiɗa tabarma: ba ya iya haɗa abu biyu. In famfo yana zuba matarsa ta yi masa magana, sai maganar ta bi ruwan. In yana ɗaure igiyar takalmi autarsa ta tambaye shi wani abu, sai ya tsinci kansa riƙe da igiya ya rasa inda aka kwana. Yana ji, yana gani, ya san kowace kalma, amma kafin su haɗu su zama magana an wuce wurin. Ya gaya wa wa? Ciwon da ba kumburi ba bandeji, 'yan dubiya ma ba sa zuwa masa sau biyu. Maƙwabtan da suka cika ɗaki da farko, yanzu in sun gan shi a ƙofar gida sai su ce ai har ƙiba ya yi, shi kuma ya san abin da suke nufi.

Da haka har wata likitar ƙwaƙwalwa a babban asibiti ta sa shi cikin mutanen da take bincike a kansu. Nata hoton ba ƙashi yake dubawa ba, aiki yake dubawa, yana nuna inda jini ke rugawa a cikin kai in wani sashe ya kama aiki. An ɗauke shi sau ɗaya kwanakin baya, wannan ne na biyu.

Injin ya yi shiru, muryar ta dawo ta ce yanzu haruffa za su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, in ya ga wanda ya yi daidai da na kafin na bayansa ya danna abin da ke hannunsa. Na-Sama ya cije. Hannun nan nasa bai taɓa makara a kan liba, sandar sarrafa kiren, ba, ba kuwa yau zai fara a gaban 'yan asibiti ba. Ya tattara duk abin da ya rage masa ya ɗora a kan haruffan nan, gumi yana gangarowa cikin kunnensa, ba damar sharewa. Da aka jawo shi daga ramin ya mayar da kayansa ya fito.

A baranda matarsa tana zaune da bel ɗinsa da agogonsa da makullai da wayarsa a cinya, tunda ba a shiga wurin injin da ƙarfe. Malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. Ta ce masa da kayan nan a hannunta ji take kamar matar wanda 'yan sanda suka sa a bayan kanta. Ya yi mata murmushi. Daidai nan shugaban makarantarsu ya kira ta a waya yana cigiyar wanda zai riƙe mata aji, ta fita tsakar asibiti tana ba shi haƙuri, Likita kuma ta leƙo ta ce ya shigo. Haka ya shiga shi kaɗai, yana riƙe da ƙugun wando.

Likita mace ce mai magana a hankali, ta kuma lura da shi, domin sai da ta kashe fanka ta rufe taga kafin ta fara. Ta juyo masa da allon kwamfuta ta ce na yau sai an ɗauki lokaci ana lissafi a kansa, amma ga na kwanakin baya ya fito. Ta ce ƙwaƙwalwa ƙungiya-ƙungiya take aiki, sassan da ke nesa da juna suna tashi tare suna kwanciya tare. Akwai ƙungiyar da ke farkawa in mutum yana zaune ba ya komai, ita ce mai tuno jiya, mai saƙa gobe, mai zancen zuci. Akwai kuma wadda ke tashi in ya fuskanci aiki. A kan mai lafiya, da zarar ta aiki ta miƙe sai ta zancen zuci ta ja bakinta ta yi shiru.

Ta nuna masa hoton masu lafiya, an haɗa na mutane da yawa wuri ɗaya. 'Yan ƙananan tabo masu ruwan lemo a inda ake aiki, shuɗi mai duhu a inda aka yi shiru. Sannan ta buɗe nasa. Ruwan lemon ya fantsama dama da hagu, gaba da baya, shuɗin kuwa ya koɗe, da ƙyar ake ganinsa.

"Amsoshinka daidai suke da na masu lafiya, wancan karon da yau duka," in ji ta. "Ba ka faɗi ko ɗaya ba. Amma dubi yawan abin da ka tayar kafin ka samo su. Kuma dubi nan, waɗanda ya kamata su yi shiru ba su yi ba. Biyun suna magana lokaci guda."

Na-Sama ya matso da kujera har gwiwarsa ta bugi tebur. Daɗi ne ya kama shi, daɗi na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun ranar bututu. Ashe ana ganinsa! Ashe ba lalaci ba ne, ba tsoro ba ne, ga shi nan da launinsa. Ya laluba aljihu zai ɗauki hoton a waya, ya tuna tana wurin Malama. Ya ce a ba shi kwafi ya kai wa Injiniya, ya kai wa likitan kamfani, ya manna ɗaya a ƙofar gida saboda maƙwabta.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce kwafi ba wuya, amma ba zai yi masa aikin da yake so ba. Wannan hoton na bincike ne. In aka tara mutane da yawa da suka bugu a ka aka gwada su da waɗanda ba su bugu ba, bambanci yana fitowa. Mutum ɗaya kuwa, ba wanda zai dafa shi ya rantse. Rashin barci yana iya canja shi, damuwa tana iya canja shi, kuma ba wanda ya ɗauki hoton kansa kafin bututu balle a ce ga yadda yake a da. Likitan kamfani zai duba ya ce ƙashi lafiya, amsoshi daidai, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Daɗin ya tsiyaye kamar yadda ya zo. Ya tambaye ta ko zai warke. Ta ce yawanci suna warkewa da wuri. Waɗanda abin ya daɗe musu kamar shi, wasu suna samun sauƙi sannu a hankali, wasu suna koyon zama da shi, ita kuwa ba ta san a layin da yake ba, hoton ma bai sani ba. Abin da take iya yi shi ne ta rubuta, bisa abin da ya gaya mata da bakinsa, cewa kada ya tuƙa babban inji har sai an ga hali. Shawararta ke nan.

Na-Sama ya san kamfanonin gini kamar yunwar cikinsa. Ranar da aka ce likitar ƙwaƙwalwa ta hana direba hawa, kafin la'asar labari ya zagaye duk inda kiren yake tsaye, kuma ba a mayar da irin wannan magana ciki. Ya ce ta dakata tukuna, zai gwada yau ya gani. Can sama shiru ne, ba famfo, ba yara.

"Akwai mutane a ƙarƙashin abin da kake ɗagawa?"

"Akwai."

Likita ta ce ba ta da ikon ɗaure shi, amma ƙofarta a buɗe take, in ya canja shawara ya dawo ko ba ranar ganinsa ba ce. Ya yi godiya ya fita.

Malama ta dawo tana jiransa a tsaye. Ta tambaye shi me Likita ta ce.

"Ta ce na ci duka. Ban faɗi ko ɗaya ba."

To, ka gaya wa malamar makaranta an ci duka, me kake jira? Ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala har wata tsohuwa da ke layi ta taya ta. Watannin nan ita ce ƙashin bayan gidan, safe aji, yamma darasin 'ya'yan mutane, ga miji a zaune wanda ba a iya yi wa magana in ana wanke-wanke. Ba ta taɓa yi masa gori ba, amma ta rame, kowa ya gani. Kafin ya ce wani abu ta kira ƙaninta a wurin gini ta ce ya gaya wa Injiniya mai kujera yana nan tafe.

Na-Sama yana zura bel a wando tana ta zuba masa labari, na shugaban makaranta, na takalmin auta, na abin da za ta dafa da yamma. Hannunsa ya tsaya. Ya tsallake madauki biyu, ya kuma tsaya yana kallon kan bel ɗin kamar yau ya fara ganinsa. Malama ta sa hannu ta zare bel ɗin, ta zura shi daidai, ta ɗaure masa, ba ta ɗago ta kalli fuskarsa ba. Ta gani sarai, kuma ba ta so ta gani. Ya ji tausayinta, ya ji haushinta, ya rasa wanda ya fi yawa. A bakin titi ta sa masa waya a aljihu ta ce za ta kira shi in an tashi yara.

A cikin bas ya zauna jikin taga ya rufe ido. Rediyo yana yi, kwandasta yana faɗa da wani fasinja, wata mata tana ba da labarin rasuwa a waya. Sai da kwandasta ya taɓa kafaɗarsa ya gane tun ɗazu shi ake tambaya inda zai sauka, kuma an ɗan wuce wurin. Ya dawo da ƙafa, yana hango wuyan kiren ɗinsa a saman gidaje.

Tun daga get Kurma ya tare shi da ihu. Kurma shi ne ƙanin Malama, shi ne kuma mai ba da hannu, wanda ke tsayawa inda kaya za su sauka yana yi wa direba ishara. Saboda maganar hannun nan aka sa masa Kurma, alhali duk wurin ginin ba wanda ya kai shi surutu. Na-Sama ne ya kawo shi aikin, shi ya koya masa. Ya rungume shi yana cewa ango ya fito daga hutun gudun aiki, ga tumbi ya ajiye, Allah ya sa tsani ya ɗauke shi. Na-Sama ya ce tumbin girkin yayarsa ne, in yana da ƙorafi ya kai mata.

Su biyun nan aikinsu a kan doka ɗaya ya tsaya, wadda Na-Sama yake nanata wa kowane sabon lebura: mai ba da hannu ɗaya ne. Ko mutum nawa ne a wurin, ido a kan hannu ɗaya yake. In wani ya yi karambani ya ɗaga nasa hannun, aka samu ishara biyu, direba ba ya zaɓa, sakin liba yake yi, kaya su tsaya a inda suke har a gano mai shisshigin. A duk zamansu tare, wannan ne kaɗai abin da ke sa Na-Sama ya tsayar da kaya a sama, kuma duk ranar da ya tsayar, sai an samu wanda ya ɗaga hannu.

Direban aron, wanda ake kira Baƙo, ya taso daga inuwa ya miƙa masa makulli da hannu biyu. Mutum ne mai ladabi, shi ma da iyalinsa, ya ce masa sannu da jiki, ya ƙara da cewa iska tana ɗan tasowa da rana. Da ma mugu ne da abin ya fi sauƙi. Injiniya ya ɗago masa hannu daga nesa yana waya, ya nuna agogo, ya nuna sama.

Ya hau tsanin a hankali. A cikin akurkin komai yana nan, har tsumman da yake goge gilashi. Kujerar ce kawai aka matso da ita gaba, domin Baƙo gajere ne. Ya ja ta baya ta koma gurbinta. Ya rufe ƙofa, duniya ta yi tsit, sai iska. Ya ɗora hagu a kan libar juyawa, dama a kan ta ɗagawa, zuciyarsa ta ce masa wataƙila, wataƙila fa.

Can ƙasa Kurma ya ɗaga yatsa sama yana juya shi. Ɗaga. Na-Sama ya ɗaga. Bokitin kankare ya tashi daga bayan mota sumul. Ya kai shi sama ya tsayar, sannan ya juya wuyan kiren ya tsayar, sannan ya sauke. Ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan koyo. Bokitin ya sauka daidai hannun masu zuba, Kurma ya jinjina masa. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Har ya fara tsara yadda zai gaya wa Malama.

Sai oba-oba, 'yar rediyon da suke magana da ita a wurin aiki, ta yi ƙara a gefensa. Injiniya ne, yana cewa wannan tafiyar hawainiya ba za ta kai su ba, motoci sun yi layi a waje, kankare ba ya jiran kowa, ya haɗa juyi da saukewa kamar yadda ya saba. Gaskiya Injiniya ya faɗa. Kowane direba haka yake yi, hagu tana juyawa dama tana saukewa, bokiti ya zo a karkace ya dira inda ake so. Da can Na-Sama yana yin haka yana cin gyaɗa.

Ya ɗauko bokiti na gaba, cike maƙil. Ya fara juyi, ya fara saukewa. Iska ta taso ta ɗan kaɗa igiyar. An tayar da injin girgiza kankare a ƙasa, ƙararsa ta biyo ƙarfe ta hau har tafin ƙafarsa, gwaf-gwaf-gwaf, sak ta ramin asibiti. Oba-oba ta sake magana, yanzu da direban mota ake yi. Sai ga ruwan lemon nan a idonsa, ga shuɗin da ya koɗe, ga yatsun Malama a kan bel, ga Likita tana tambaya ko akwai mutane. Bai kira su ba, kuma sun ƙi tafiya.

Kurma yana tsaye a bakin rufin, hannunsa ɗaya a miƙe yana motsi. Na-Sama yana ganin hannun tar. Ya san shi, shi ya koyar da shi. Amma tsakanin hannun Kurma da nasa hannun hanya ta ɓace. Hagu ce ko dama? Turawa ne ko ja? Ya ji wata liba ta motsa a ƙarƙashin tafinsa, bai san wacce ba. Bokitin ya yi wani irin lilo ya nufi bakin rufin, Kurma ya durƙusa, gindin bokitin ya wuce ta saman kansa, kankare ya fallatsa masa a hula da kafaɗa.

Na-Sama ya saki liba duka biyun. Birki ya kama. Bokitin ya ci gaba da lilo shi kaɗai a saman mutane, yana ragewa, yana ragewa.

Kurma ya miƙe. Ko sama bai kalla ba. Ya juya kan ma'aikata yana zazzaga masifa, muryarsa tana shigowa ta oba-oba tunda ya manta ya saki maɓalli. Wa ya ɗaga hannu? Wane mara kunya ne ya ba da hannu a bayansa? Ya cafki wani birkila ya ce shi ya gani yana miƙa, birkila ya rantse gumi yake sharewa. Ya koma kan mai walda, ya koma kan masu shebur, yana bin su ɗaya-ɗaya da kankare a kafaɗa. Har Injiniya bai tsira ba, ya ce masa in zai nuna agogo ya riƙa sauke hannu. Injiniya ya ce hannunsa a aljihu yake. Kurma ya ce ƙarya ne, wani ya ɗaga, yayansa bai taɓa tsayar da kaya a banza ba, a tambayi kowa.

Na-Sama yana kallonsu daga sama. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, da wani tsoro da bai taɓa sani ba a kujerar nan. Ƙanin matarsa yana can yana neman faɗa da mutane saboda shi, da ya ƙara taku ɗaya baya kuwa da yanzu wani zancen ake.

"Yaya," in ji Kurma ta oba-oba, yana haki. "Kai ka gan shi daga nan. Nuna mini shi kawai."

Ya ɗauki oba-oba. Sai da ya nemi maɓallin da ido.

"Rabu da su, ba wanda ya ɗaga. Mai ba da hannu na biyun yana nan sama tare da ni."

Kurma ya ɗago kai a karon farko, ya kare ido da tafin hannu yana leƙen akurkin, yana neman mutum na biyu.

"Ka ce wa Baƙo ya hau," in ji Na-Sama. "Kankare zai bushe a bokiti."

Na-Sama ya ga Injiniya ya yafito Baƙo, ya ga Baƙo ya ajiye robar ruwansa ya sa hula ya nufi gindin kiren. Hawan yana da tsawo, mutanen rufin kuma ba abin da za su yi sai jira, suka ja gefe daga ƙarƙashin bokitin suka zazzauna. Kurma kaɗai ya rage a tsaye, hannayensa a sake a gefensa. Na-Sama ya ɗauki tsumma ya goge gilashin gaba, ya ninke shi ya mayar inda yake.

Akurkin ba ya ɗaukar mutum biyu, don haka ya fito ya tsaya a kan ɗan dandamalin waje ya ba Baƙo hanya. Baƙo ya ce masa sannu, bai ƙara komai ba, Allah ya saka masa. Ya shiga ya zauna, ya laluba ƙarƙashi, ya jawo kujerar gaba. Can ƙasa Kurma ya ɗaga hannu a hankali, bokitin ya fara sauka.

Na-Sama ya juya ya kama tsani. Ƙafa, hannu, ƙafa, hannu, abu ɗaya bayan ɗaya, haka yana iyawa. Ya kai wajen rabi sai waya ta fara kuka a aljihunsa. An tashi yara ke nan. Ƙafarsa da ke neman matakala ta tsaya a iska, ta rasa inda za ta. Ya mayar da ita inda ta fito, ya rungume tsanin da hannu biyu, ya jingina hularsa da ƙarfe, yana jira wayar ta gama kuka ya ci gaba da sauka. Ta katse. Ya ɗaga ƙafa, sai ta sake kira.